Funfunar Bango da Ciwon Kan da Ya Ƙi Tafiya: Tambayoyin da Mutanen Zango Ke Yi Mini a Kumasi

Aikina jinya ne, kuma a unguwar Aboabo ta nan Kumasi aka yanke mini cibi, don haka ba na rasa masu tambaya. A gidan suna, a bakin famfo, a cikin trotro, wato motar haya, sai wata ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Anti nos, tsaya in tambaye ki." Daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da ruwa ya kankama, rabin tambayoyin a kan abu biyu suke: baƙin da ke fitowa a bangon ɗaki, da ciwon kan da aka sha magani ya ƙi tafiya. Mutane sun riga sun ɗaura wa biyun aure a zukatansu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da yadda nake amsa su.

Wai da gaske ne funfunar ɗaki tana sa ciwon kai?

Tana iya sawa, amma ba kasafai take shiga ta ƙofar gaba ba. A shekarar 2004 wata babbar cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta tattara binciken da aka yi a kan gidaje masu danshi, sannan a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jagorar. Abin da suka tabbatar yana da alaƙa da zama cikin danshi da funfuna shi ne toshewar hanci, atishawa, ƙaiƙayin maƙogwaro, tari, numfashi mai ƙara kamar fito, da tayar wa mai asma asmarsa. Ciwon kai mai daɗewa ba ya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar funfuna na haddasawa kai tsaye.

Sai dai wanda ya taɓa kwana da toshewar hanci ya san kai ba ya tsira. Idan jikin mutum ba ya shiri da ƙurar funfuna, wato yana da alaji, fatar cikin hancinsa takan kumbura, ƙofofin kogunan da ke cikin ƙashin goshi da kumatu su toshe, sai ya ji fuskarsa ta yi nauyi, musamman in ya yi ruku'u ko sujada. Wannan hanya ɗaya ke nan. Ta biyu barci ce: hanci a toshe, ana shaƙar iska ta baki, ana tari cikin dare, gari ya waye kai kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ta uku wari ne. Mai ciwon ɓarin kai yakan zama ba ya jure wari, ko na turare ko na fetur, kuma warin ruma yana iya tayar masa da ciwon.

Saboda haka idan kin ce mini ɗakinki yana da funfuna, kina atishawa, idonki na ƙaiƙayi, kanki na nauyi, zan ce zarginki yana da madafa. Idan kuwa ciwon kai ne tsurarsa, babu mura babu tari, to ni ba bango zan fara tuhuma ba.

Me ya sa ɗakunanmu na nan suka fi yin ta? A gidanmu na arewa ba mu san wannan ba.

Domin a Tamale ko Bawku rani yana da tsawo, yana busar da komai har ƙashi. Kumasi kuwa garin kurmi ne. Ruwan da ke sauka a shekara yana kai wajen milimita 1,400, kuma damina biyu muke yi: babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Bango bai gama shan iska ba wani ruwan ya dawo.

Ita funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo a iska a kowane gida, har gidan da ake gogewa sau uku a rana. Ba ƙazanta ke kawo ta ba, wannan ina so matan gidan haya su ji, don na ga an yi faɗa a kai. Abin da take jira ruwa ne. Abinci kuwa ba ta da tsada: katako, kwali, fata, auduga, ƙurar da ta kwanta a kan fenti. Abu ya jiƙe ya kwana ɗaya ko biyu bai bushe ba, ta samu wurin zama.

Yanzu ki dubi yadda ɗakunanmu suke a Aboabo da Asawase da Sawaba. Ɗaki a jere da ɗaki, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, ita ma tagar tana kallon lungun da bai fi kamu biyu ba. A rufe take saboda sauro da masu dogon hannu, an kuma rufa mata labule mai kauri. Wadrob ya manne da bango, akwatuna a kansa har silin, katifa a ƙasa a kan leda. In ana ruwa, wanki a cikin ɗaki ake shanya shi. Bayan bangon kuma banɗakin gida ne, inda mutum ashirin ke wanka kullum. Wanda gidansa ke kusa da rafin Aboabo ko a gangare, ga ruwan ƙasa yana tasowa daga gindin gini.

Ina tuna ranar da muka jawo wadrob ɗin goggona za a kai ta sabon ɗaki. Bayansa ya yi baƙi ƙirin da ɗigo-ɗigo kamar fatar zabo, katakon ya yi laushi har yatsa na shiga. Muka buɗe akwatin da take ajiyar atamfofinta na aure, wari ya buge mu, takalmin fatar da ta saya don sallah ya yi gashi kore. Shekara huɗu tana kwana da kanta a jikin wannan wadrob, tana cewa murarta ba ta jin magani.

Farin abin da ke cin gindin bango yana zubar da fenti, shi ma funfuna ne?

Sau da yawa ba ita ba ce, gishiri ne. Ruwan ƙasa yana hawa cikin bulo, in ya bushe ya bar gishirin da ya ɗauko, shi ne yake kumbura fenti yana marmashe filasta daga ƙasa zuwa wajen ƙugu. Ki ɗan kankaro ki zuba a ruwa: gishiri zai narke, funfuna ba ta narkewa, kuma gishiri ba ya wari. Koren da ke bangon waje da bakin rariya kuma gansakuka ce. Su biyun ba sa cutar da numfashi kamar funfuna, amma shaida ne cewa bangon yana shan ruwa, kuma inda bango ke shan ruwa a duba bayan kaya.

Ta yaya zan gane ko ɗakin ne yake sa mini ciwon?

Babu wani gwajin jini da zai ce miki "funfuna ce ta sa ciwon kanki." Abin da ya fi aiki takarda ce da biro. Ki yi wata guda kina rubutawa: yau kai ya yi ciwo ko bai yi ba, da ƙarfe nawa ya fara, wane gefe, me kika sha, ina kika kwana. Mata su sa har ranakun al'ada, domin ciwon ɓarin kai yana bin ta sosai.

Sannan ki lura da tafiya. Idan kin je biki Wa ko Yendi kin yi mako guda, hanci ya buɗe, kai ya yi sakayau, kin dawo kwana biyu abin ya dawo, to ɗakin yana da hannu. Haka in hunturu ya shigo a Disamba ɗaki ya bushe kika samu sauƙi. Amma a kula, wannan yana nuna ɗakin ne, bai nuna funfunar ce ba. A cikin ɗakin da aka rufe ruf akwai abubuwan da suka fi ta mugunta.

Kullum da ciwon kai nake tashi da asuba, in na fita kasuwa sai ya lafa. Wannan fa?

Wannan ita ce tambayar da ke sa in ajiye abin da ke hannuna.

Wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai ta zo mini da wannan maganar a tsakiyar damina. Ta riga ta yanke hukunci, har da hoton bangonta a waya. Na ce, "Mma, yaran fa, su ma suna kuka da kai?" Ta ce ai babbar har amai take ji da safe, ƙaramin kuma da ƙyar ake tashinsa makaranta. Na ce, "In ana ruwa da dare, ina kike sa kurfoti?" Ta yi shiru, sannan ta ce ai ba za ta bar gawayi a tsakar gida ruwa ya kashe ba, ciki take shigo da shi, ga shi yana ɗumama ɗaki yana busar da kayan makarantar yara, kuma da asuba ba sai ta sha wahalar hura wuta ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, kuma garwashin da ya daina hayaƙi ya yi jajir yana ci gaba da fitar da ita. In ta shiga jini takan kama wurin da iskar numfashi ke zama, ta riƙe shi da ƙarfin da ya ninka na iskar fiye da sau 200. Alamarta ta farko ciwon kai, sai jiri, tashin zuciya, kasala, ruɗewa. In ta yi yawa mutum ya wuce cikin barcinsa. Abin da ke tona mata asiri shi ne mutanen ɗaki ɗaya su tashi da ciwo iri ɗaya, kuma su ji sauƙi in sun fita. Janareta ma ita yake fitarwa. Tun zamanin dumso, lokacin yawan ɗauke wutar lantarki, mutane suka saba kunna shi a baranda ko a lungun da taga ke kallo don tsoron ɓarayi, kuma wannan wasa da rai ne. Kurfoti da janareta waje, nesa da taga, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Na ce wa Mma ta samu kwanon rufi ta yi wa kurfotin ɗan rumfa a waje. Bayan mako biyu na tsaya sayen koko, ta ƙara mini ƙosai uku ta ce yara sun daina kuka. Baƙin bangon yana nan inda yake, ko taɓa shi ba ta yi ba tukuna.

Bayan gawayi akwai ƙananan abokan tafiyarsa: koyil ɗin sauro da ake kunnawa a rufe ƙofa har safe, maganin feshi da ake kwana a cikinsa, da turaren wuta. Ni ma ina son turare, ba zan yi ƙarya ba, amma da yawanmu muna ƙara shi ne don danne warin ruma, sai a tara wa hanci hayaƙi a kan funfuna. Gidan sauro ya fi koyil ta kowace fuska. Wani abin kuma da ke sa ciwon kan safe shi ne minshari mai ƙarfi wanda numfashi ke ɗaukewa a cikinsa. Matan aure sun fi kowa sanin masu wannan, a kai su asibiti.

Kusan kullum sai na sha farasitamol, amma ciwon sai ƙaruwa yake. Me ya sa?

Domin maganin ciwon kai shi ma yana zama sanadin ciwon kai. Idan mai yawan ciwon kai yana shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, har wata uku, kan yakan saba, da zarar ƙarfin maganin ya sauka ciwo ya dawo, a sake sha, haka za a yi ta zagaye. Ga magungunan haɗi masu kafeyin ko kodin, da tiramadol, kwana 10 a wata ma ya isa. Wannan ya yi yawa a cikinmu fiye da yadda ake zato, saboda kantin magani yana bakin ƙofa, kuma mai neman na abinci ba shi da lokacin kwanciya. Maganinsa dainawa ne, kuma kwanakin farko da wuya, shi ya sa gara a yi tare da likita, musamman wanda ya kai ga tiramadol.

Babban mutum kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, saboda hanta. Ibuprofen da diklofenak kuma suna cin ciki suna taɓa ƙoda, mai gyambon ciki da mai juna biyu su guje su.

A nan ne kuma nake tambayar maza game da ataya da goro. Wanda ya saba da shayi mai kauri ko goro kullum, ranar da bai samu ba kansa zai sara. Duk wanda ya san ciwon kan kwanakin farko na azumi ya san abin da nake nufi.

Na ga bidiyo a Facebook ana cewa baƙar funfuna tana da guba mai lalata ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

Akwai wata iri da ake kira Stachybotrys, baƙa mai ratsin kore, tana son kwali da silin da suka daɗe a jiƙe, kuma tana iya yin guba. A kanta aka gina wannan tsoron, yawanci daga Amurka. Amma launi ba ya nuna iri, funfuna baƙaƙe suna da yawa. Kuma bincike bai tabbatar da cewa shaƙar ta a ɗaki yana lalata ƙwaƙwalwa ko yana sa mantuwa ba. Duk wanda ya ce zai gwada fitsarinki ya gano gubar bango, ko ya sayar miki da shayin wanke ta daga jini, kuɗinki yake so. Ba sai an san sunan funfuna ake cire ta ba, baƙa da kore da fara hukuncinsu ɗaya.

Abin da ke ba ni mamaki, muna tsoron gubar da ke bango muna cin wadda ke cikin kwano. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba tana yin guba mai suna afulatoksin, kuma wannan babu jayayya a kanta. An gano ta ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa da aka ba su. A 2004 mutum 125 suka mutu a Kenya bayan cin masarar da ta kamu. Cin ta kaɗan-kaɗan tsawon shekaru yana jawo sankarar hanta, haɗarin kuma ya fi yawa ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a Ghana. Dahuwa da suya ba sa kashe ta. Mu kuwa rayuwarmu masara da gyaɗa ce: koko, tuwo, miyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, yajin tsire. Gyaɗar da ta yanƙwane, ta canza launi ko take ɗaci, a tsince a zubar, kada a ce a niƙa ta tunda ba za a gani ba. Buhun masara a ɗora shi a kan katako, kada ya jingina da bango mai sanyi.

An ce mini sainos nake da shi. Shi ne dai wannan?

Wataƙila, amma mafi yawan waɗanda ke cewa suna da ciwon kan sainos, wato na kumburin kogon hanci, in an bincika ciwon ɓarin kai ne. Yana ruɗarwa domin shi ma yana iya sa ido hawaye, hanci ya toshe, a ji ciwo a goshi. Bambancin: na ɓarin kai yana bugawa kamar ganga, sau da yawa gefe guda, da tashin zuciya, ba a son haske ba a son hayaniya, yana ɗaukar awa huɗu har zuwa kwana uku ya tafi ya dawo. Kumburin kogon hanci na gaske yana zuwa da majina mai kauri, rawaya ko kore, da rashin jin ƙanshi, wani lokaci da zazzaɓi. Maganinsu daban ne, kuma sayen kafso a kanti duk lokacin da goshi ya yi nauyi ba ya warkar da ko ɗaya.

Su waye funfuna ta fi yi wa illa?

Masu asma, jarirai, tsofaffi, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni: mai ƙanjamau da ba ya kan magani, mai shan maganin sankara, mai ciwon suga da bai daidaita ba. Ga waɗannan funfuna tana iya wuce alaji ta zama cuta a cikin huhu ko kogon hanci. A 2021, lokacin korona, Indiya ta ga dubban masu irin wannan cutar ta kogon hanci, yawancinsu masu suga. Wanda ya taɓa yin tarin tibi ya warke, wata funfuna mai suna Aspergillus tana iya zama a ramin da cutar ta bari a huhunsa. In tari ya dawo masa, ko ya ga jini, ya koma asibiti ya faɗi tarihinsa. Irin waɗannan mutane ba su ne za su wanke bangon ba, kuma in akwai ɗaki busasshe a gidan, su ya kamata a ba.

Wane irin ciwon kai ne ba a jira da shi?

Wanda ya faɗo farat ɗaya kamar an sara da gatari, irin wanda ba a taɓa ji ba. Wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman ga wanda ya dawo daga arewa a lokacin zafi, domin sanƙarau ba ya ba da lokaci. Wanda ya zo da karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar harshe, farfaɗiya, ruɗewa ko dushewar gani. Wanda ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur. Sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50. Wanda ke ƙaruwa mako bayan mako, da amai da safe. Da kuma mai ciki, musamman daga wata na biyar, ko mai jego, in kai ya matsa mata, fuska da hannu sun kumbura ko tana ganin walƙiya: wannan hawan jinin ciki ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Duk waɗannan asibiti ne a ranar, ko Manhyia, ko Tafo, ko Komfo Anokye, wanda ya fi kusa. Lambar gaggawa 112.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan amma ciwon yana zuwa kwana 15 ko fiye a wata, shi ma ya cancanci ganin likita, ba gaggawa ba dai. A auna jini, a duba ƙarancin jini, a duba ido. In da zazzaɓi a yi gwajin maleriya kafin a sha maganinta, mun cika kiran kowane ciwon kai maleriya. Katin inshorar lafiya in ya mutu ana sabunta shi a waya ta *929#, a yi tun kafin ranar.

To yaya zan wanke ta?

Ki zaɓi ranar da rana ta fito. Buɗe ƙofa da taga, fitar da yara da mai asma, sa safar hannu da takunkumi. Kada ki kankare ta a bushe da tsintsiya, irin nata za ki watsa a ɗaki. Ki jiƙa tsumma ko burushi da ruwan sabulu ki goge bango, sannan ki share da tsumma mai tsabta. In za ki bi da parazon, wato bilic, kofi ɗaya a ruwa lita huɗu ya isa, kuma kada a kuskura a haɗa shi da wani maganin wanke masai ko wani sinadari, haɗin yana tayar da iska mai ƙona huhu. Bayan nan fanka ta yi ta kaɗawa har wurin ya bushe sarai.

Abin da ke tsotse ruwa, in funfuna ta shige cikinsa ba ya wankuwa: kwali, silin da ya kumbura, kafet, katifar soso da ruwan ambaliya ya jiƙa. Na san katifa ba arha ba ce, amma wadda ta sha ruwan kwata ta yi wari, rana ba za ta dawo da ita ba. Tufafi a wanke, a shanya a rana, a goge. Wadrob da gado a janye su daga bango ko da faɗin tafin hannu ne, katifa ta hau katako, a riƙa ɗaga ledar ɗaki ana duba ƙarƙashinta. Da rana in kina gida taga ta kasance a buɗe, a sa mata raga. In wurin da ya kamu ya wuce faɗin sallaya sosai, ko yana cikin silin, aikin ya fi ƙarfin tsumma.

Maigida ya ce zai sa a yi fenti. Ya wadatar?

A'a. Fenti a kan bango mai danshi ungulu da kan zabo ne, kafin damina ta fita zai kumbura, baƙin ya dawo. Manna tayil a gindin bango ma da ake yayi yanzu yana ɓoye abin ne kawai, ruwan yakan hau ya fito ta saman tayil ɗin. A nemo inda ruwan ke fitowa: kwanon da ya huje, indararon da ke zuba a jikin bango, bututun da ya tsage, banɗakin da ke bayan ɗaki, ko ruwan da ke kwanciya a gindin gini don babu hanyar wucewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ki fita lokacin da ake ruwan ki zagaya ki gani da idonki, ki ɗauki hoto.

Ni kaina na taɓa biyan kuɗin shekara biyu a wani ɗaki da na gani a watan Janairu, fes da sabon fenti shuɗi. Ruwan Afrilu na farko ya nuna mini abin da na saya. Na je na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, bangon nan yana tsatsafo da ruwa." Ya ce, "'Yata, kowane ɗaki a Kumasi haka yake, ki sa turare." Sai da na kawo birkila da kuɗina ya gyara magudanar bayan ɗakin, muka yi ta ja-in-ja kafin a yarda a cire rabi daga haya ta gaba. Tun daga nan nake gaya wa mutane su nemi ɗaki da damina, su shiga su rufe ƙofa su shaƙa, su taɓa gindin bango, kuma su yi zargin fentin da aka yi wa rabin bango na ƙasa kawai.

Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kuɗin gaba kada ya wuce na wata shida, kowa kuma ya san yadda ake yi a zahiri. Akwai ofishin kula da haya na gwamnati da ke sauraren ƙarar mai gida da ɗan haya, akwai kuma duba-gari na ƙaramar hukuma, waɗanda iyayenmu ke kira tankas, in matsalar kwata ce ko masai. Amma a zango, in aka fara da limami ko mai unguwa ko wani dattijon da maigida ke jin nauyinsa, sau da yawa an fi saurin ganin birkila. In za ki gyara da kuɗinki, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kafin a sayi siminti.

Tun da muka tare a ɗakin nan ba mu da lafiya. Ba a yi wa ɗakin wani abu ba kuwa?

Ana yi mini wannan tambayar da murya ƙasa-ƙasa, kuma ba na yi wa kowa dariya. Addu'a ba ta da lokacin dainawa, ki yi, ki ƙara. Roƙona ɗaya ne: kafin a zargi maƙwabciya ko kishiya, a jawo wadrob a duba bayansa, a tambayi inda kurfoti yake kwana. In kuma an ba ki hayaƙi, kada a rufe ƙofa da yara a ciki.

In na gyara ɗakin, yaushe zan ga sauƙi?

Idan funfunar ce ke tayar da hancin, atishawa da toshewa sukan ragu cikin 'yan makonni bayan ɗaki ya bushe, nauyin kai ya bi su. Kafin nan wanke hanci da ruwan gishiri yana taimakawa, amma da ruwan da aka tafasa ya huce, ba na famfo kai tsaye ba. Likita zai iya ƙara miki ƙwayar alaji ko maganin fesawa a hanci. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa kada ya wuce kwana uku zuwa biyar, in ya wuce shi ma toshe hancin yake yi.

Idan wata guda ya wuce, bango ya bushe, kurfoti yana waje, koyil ya tafi, kai kuma yana nan yadda yake, to ba ɗakin ba ne. Ki ɗauki takardar nan da kika yi ta rubutawa, ki zuba duk magungunan da kike sha a leda, har na gargajiya da na mai talla a mota, ki tafi da su wurin likita ya gani.